Kasuwannin Bairut: An Dawo da Sunayen Layuka, Ba a Dawo da Masu Shaguna Ba

Wanda ya shiga Kasuwannin Bairut ta wajen titin Weygand, abu na farko da zai ci karo da shi wata 'yar ƙubba ce ta dutse, tsohuwa tukuf, tsaye ita kaɗai a tsakar fili mai sabon daɓe. Ragowar zawiyar Ibn Iraƙ ce, wani malamin Sufaye mutumin Damaskus da ya gina ta a 1517, kuma ita kaɗai ta rage a birnin daga gine-ginen zamanin Mamluk. A 1992, sa'ad da katafilu ke share kangayen tsakiyar gari, sun kwashe duk abin da ke kewaye da ita har suka iso gare ta. Labarin da ya bazu a gari shi ne katafilar ta ƙi aiki da ta tunkari ƙubbar. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gani, ana cewa karamar waliyyi ce, surutu ya yi yawa, dole aka ƙyale ta. Shagunan da ke maƙwabtaka da ita ba su sami mai tsaya musu haka ba. An baje su ƙasa, aka kwashe ɓaraguzan aka zuba a bakin teku.

A wannan fili ne yau rukunin kantunan da ake kira Aswaƙ Bairut yake, wato Kasuwannin Bairut, mai shaguna kimanin 200, da sinima, da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa. An buɗe shi a watan Oktoban 2009, shekara 34 bayan wuta ta cinye tsohuwar kasuwar da ya gada. Ginin yana da kyau, babu mai musun wannan. Amma tun ranar da aka buɗe shi mutanen birnin ke jayayya a kansa, kuma duk lokacin da ƙasar Labanan ta yi tuntuɓe, shi ne wuri na farko da ke komawa kufai.

Kafin wuta

Bairut gari ne da teku ta yi. Yana bakin Bahar Rum, duwatsun Labanan suna bayansa, kuma tun zamanin Finikiyawa jiragen ruwa ke sauke kaya a gaɓarsa. Sai dai ya daɗe yana ƙaramin gari, Saida da Tarabulus sun fi shi suna. A ƙarni na 19 ne tauraronsa ya haska. Cinikin alharini da masaƙun birnin Liyon na Faransa ya buɗe, aka gama hanyar keken doki zuwa Damaskus a 1863, Turkawan Daular Usmaniyya suka mai da shi hedikwatar lardi a 1888, aka faɗaɗa tashar jiragen ruwa, sannan jirgin ƙasa ya haɗa shi da Damaskus a 1895. Duk kayan da za su shiga ƙasar Sham daga Turai, sai sun bi ta nan. Tsakanin tashar jiragen da tsohon gari kuwa, kasuwa ta yi ta yaɗo.

Kowane layi da abin da aka san shi da shi. Suk Tawila, dogon layi, nan ne wurin tufafi masu tsada da kayan yayi na Turai. Suk Ayyas na 'yan yadi ne da teloli da kayan da talaka zai iya saye. Suk al-Faranj na kayan lambu da 'ya'yan itace da furanni. Ga Suk al-Jamil, ga layin maƙeran zinariya, ga Suk Nuriyya da Suk Sursuƙ inda ake cinikin abinci da gwanjo. Can ƙasa wajen ruwa akwai Khan Antun Bek, babban masaukin fatake da ofisoshin jakadu suka taɓa zama a cikinsa, kusa da masallacin Majidiyya wanda asalinsa ganuwar tsaron gaɓa ce kafin a mai da ita masallaci da sunan Sarki Abdulmajid.

A tsakiyar Suk Ayyas akwai wani ɗan tafkin dutse mai feshin ruwa da kowa ya sani da Birkatul Antabli, da sunan gidan da ke sana'a a bakinsa. Suna jera kwanukan kayan zaƙi a gefen ruwan don su yi sanyi, su zuba wa mai wucewa jallab, wato ruwan dabino da inibi mai ƙamshin fure, da ƙanƙara, a watsa 'ya'yan sanaubar a sama. A tsaye ake sha. Matar attajiri da ta fito daga Tawila da ɗan dakon da ya sauke buhu a Nuriyya, kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa a wurin, kuɗin kofi ɗaya ne. Dattawan Bairut, Musulminsu da Kiristansu, idan suna kewar tsohon gari, da wannan tafki suke farawa.

Abin da ke ciyar da kasuwar yana 'yan taku kaɗan daga nan: Dandalin Shahidai, wanda mutanen gari ke kira Burj. Nan ne tashar motocin ƙasar baki ɗaya. Bas daga kudu, tasi daga ƙauyukan dutse, motar Tarabulus, motar Damaskus, duk a nan suke sauke fasinja. Ga gidajen sinima irin su Rivoli, ga gidajen gahawa, ga masaukai masu araha. Baƙauye ya sauka da safe, ya sayar, ya saya, ya ci abinci, ya hau mota da yamma. A ƙasar da ke da ɗariƙun addini 18 da hukuma ta amince da su, kowace da unguwarta da ƙauyukanta, tsakiyar Bairut ce wurin da dole kowa ya goga kafaɗa da kowa.

Mutanen Kano ba baƙin wannan jinin kasuwanci ba ne. Kwarorin da suka zo tun farkon ƙarni na 20 suka shiga cinikin gyaɗa da yadi, waɗanda tarihin Kantin Kwari ba ya cika sai da su, daga wannan ƙasa suka fito, da yawansu kuma ta tashar jiragen ruwan Bairut suka baro gida. Titin Bairut na Kano shaida ne.

Shekara goma sha biyar

Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 13 ga Afrilun 1975. Kafin shekarar ta ƙare, faɗa ya iso tsakiyar gari. Kasuwar tana daidai kan iyakar gabashin birnin, inda mayaƙan Kirista suka fi ƙarfi, da yammacinsa, inda mayaƙan Musulmi da na Falasɗinawa da 'yan gurguzu suke. Aka yi ta ruwan harsasai da rokoki a layukanta, wuta ta tashi, 'yan kwana-kwana ba su da halin shiga saboda maharban da ke laɓe a saman benaye. Abin da wuta ta bari, 'yan wawaso suka kwashe. Aka fasa sito-siton tashar jiragen ruwa, aka fasa bankuna. Zuwa 1976 babu mai buɗe shago a Tawila ko Ayyas.

Iyakar ta zauna daram har ciyawa da itatuwa suka tsiro a tsakiyar kwalta, shi ya sa aka riƙa kiranta Koren Layi. Yammacin birnin da aka yanke daga wuraren zubar da shararsa ya koma juye ta a teku kusa da otal ɗin Normandy, har jujin ya zama tudu a cikin ruwa, a bakin ƙofar kasuwar.

'Yan kasuwar kuwa ba su zauna jiran kowa ba. Waɗansu suka kafa rumfunan kwano a bakin teku a Rausha, waɗansu suka kama shaguna a Hamra da Mar Iliyas, na gabas suka nufi Ashrafiyya da Burj Hammud da Juniya. Kowa ya koma cikin 'yan ɗariƙarsa, ya tara sababbin abokan ciniki. Wannan warwatsuwa ita ce babbar asarar da yaƙin ya yi wa kasuwar, fiye da rufin da ya rufta, domin yaron da aka haifa a 1975 ya kai shekara 15 bai taɓa sayen takalmi a wajen wanda ba addininsu ɗaya ba.

Duk da haka gine-ginen da yawa suna tsaye. An yi ƙoƙarin farfaɗo da su tun 1977, lokacin da aka sami ɗan sararin zaman lafiya, da wani tsari da masana daga Faris suka zana wanda ya nemi a gyara tsohon gari yadda yake. Faɗa ya dawo, tsarin ya mutu a takarda. A 1983 kamfanin Oger Liban na ɗan kwangila Rafiƙ Hariri, wanda ya yi arzikinsa a Saudiyya, ya shiga share ɓaraguzai. A wannan sharar ce Suk Nuriyya da Suk Sursuƙ suka tafi. Bayan Yarjejeniyar Ɗa'if ta 1989 da tsayawar yaƙi a 1990, katafilu da nakiya suka dawo da ƙarfinsu. Masani Saree Makdisi, a wani nazari da ya wallafa a 1997, ya nuna cewa ɓarnar da ba ta gyaruwa da masu sake gini suka yi wa tsakiyar birnin ta fi wadda shekara 15 na luguden wuta ya yi. Gine-ginen da aka bari a tsaye a duk yankin ba su kai 300 ba.

Takarda a madadin shago

A nan ne zuciyar labarin take, don haka sai mu ɗan dakata.

Gwamnatin da ta fito daga yaƙi ba ta da ko sisi. Mallakar filayen tsakiyar gari kuma ta cakuɗe ƙwarai. Gini guda yana iya zama na magada da dama, rabinsu suna Birazil ko Afirka ta Yamma ko Ostareliya. Wani na waƙafin masallaci ne, wani na coci. A kan masu ginin ga 'yan haya, waɗanda tsohuwar dokar haya ta ba su haƙƙi mai ƙarfi, domin ɗan kasuwa kan biya kuɗi mai tsoka kafin ya karɓi makullin shago, kuma ɗansa na iya gadon hayar. A kan waɗannan kuma ga 'yan gudun hijira, yawancinsu daga kudu, da suka fake a kangayen shekara da shekaru. Masu haƙƙi sun kai dubun-dubata. Masu goyon bayan Hariri suka ce idan aka jira duk waɗannan su daidaita, jikoki ma ba za su ga an ɗora bulo ɗaya ba. Wannan hujja tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba.

Maganin da aka kawo shi ne Doka ta 117, wadda majalisa ta zartar a Disambar 1991. Ta ba da dama a miƙa yankin gaba ɗaya ga kamfani guda mai zaman kansa. Hukumar sake gina ƙasa da ke kula da shirin, a lokacin tsohon shugaban Oger Liban ne, Fadil Shalaƙ, ke jagorantarta. Hariri kansa ya zama firaminista a ƙarshen 1992. A watan Mayun 1994 aka kafa kamfanin Solidere da jarin dala biliyan 1.82. Daga ciki, dala biliyan 1.17 ƙimar filaye da gine-ginen mutane ce, wadda kwamitoci ƙarƙashin alƙalai suka yanke, aka biya masu su da hannun jari. Sauran dala miliyan 650 tsabar kuɗi ce daga masu zuba jari, kuma firaministan yana sahun gaba a cikinsu. Kamfanin ya karɓi kadada kimanin 190, har da sabuwar ƙasar da za a samu bayan an gyara jujin Normandy an cike teku, a madadin hanyoyi da magudanan ruwa da wayoyin lantarki da zai shimfiɗa wa gwamnati.

A duba abin daga idon mai shagon yadi a Suk Ayyas. Kafin yaƙi yana da ƙofa da makulli, da maƙwabta da suka san shi, da masu ba shi kaya bashi saboda sun san inda za su same shi. Yanzu an miƙo masa takarda mai cewa yana da kaso kaza a wani kamfani. Ba a tambaye shi ko ya yarda ba, kuma ba shi da hanyar cewa a ba shi wurinsa ya gina da kansa, tunda layin nasa ma an baje shi. Kamar a karɓe wa manomi gona ne a ba shi shaidar cewa yana da rabo a rumbun wani. Masu haƙƙi da yawa sun yi kukan cewa an karya darajar dukiyarsu ƙwarai, kuma kason da ya zo hannun kowane magaji, bayan an raba tsakanin mai gini da ɗan haya da 'yan uwa, bai taka kara ya karya ba. Da yawa suka sayar da takardun don biyan buƙatar yau. A farkon shekarun 2000 farashin hannun jarin ya faɗi ƙasa da rabin darajarsa ta farko, a daidai lokacin da kowace mita ta filin da aka karɓa ke ƙara tsada. Waɗanda aka yarje wa su karɓi gininsu su gyara, sai masu ƙarfin cika sharuɗɗan kamfanin masu tsauri cikin ƙayyadadden lokaci.

Mai otal ɗin Saint Georges da ke bakin ruwa, Fadi Khuri, ya rataya wani ƙaton ƙyalle a jikin otal ɗinsa mai kiran a taka wa Solidere birki, ya bar shi shekara da shekaru yana kallon teku. Shi yana da otal da lauyoyi. Mai teburin sayar da maɓalli da zare ba shi da bangon da zai rataya komai.

Abin da aka tono, da abin da aka gina

Share filin ya buɗe wata dama da ba a taɓa samu ba. Daga 1994 masu haƙo kayan tarihi daga Jami'ar Amurka ta Bairut da abokan aikinsu na Ingila da wasu ƙasashe suka shiga ramin kasuwar. Suka tarar da unguwar zamanin Finikiyawa da Farisawa, gidajenta a jere suna gangarawa zuwa tsohuwar tashar jirage. Suka tarar da ganuwa da gwalalon tsakiyar zamani. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wani titi na zamanin Rumawan Bizantiya mai rumfa a kan ginshiƙai, shaguna a jere a gefensa, a ƙofar kowane shago an rubuta harafin Girkanci da ƙananan duwatsu masu launi a cikin daɓe, alamar lambar shagon. Girgizar ƙasar shekarar 551, wadda teku ta biyo bayanta ta afka wa garin, ita ta durƙusar da wannan zamani. Binciken ya nuna cewa layukan da 'yan yadi ke zaune a kai a 1975 suna bin sawun titunan da aka shata fiye da shekara 2,000 da suka wuce. An yi ta rushe kasuwar ana sake ta a wuri guda, kan layi guda.

Masu haƙar suna aiki ne katafila na jiransu a baya, domin ƙarƙashin kasuwar an riga an ware shi don ajiye motoci fiye da 2,000, hawa-hawa zuwa ƙasa. Aka ɗaga daɓen da za a iya ɗagawa, aka bar ɗan yanki na unguwar Finikiyawa da na ganuwa don masu kallo, sauran aka haƙe. Ramin motocin shi aka fara gamawa, shekaru kafin shago ɗaya ya tsaya a kansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wane irin mai saye ake jira.

An yi gasar zane ta duniya a 1994, ɗaruruwan masu zanen gine-gine suka shiga. Daga bisani aka ɗora wa Jad Tabet, ɗan ƙasa, tsara fasalin wurin, shi ne kuma ya dage a kan a bi tsoffin layuka da sunayensu, a bar su a buɗe kamar titunan gari. Babban ginin aka ba Rafael Moneo na Sifaniya, wanda ya ci lambar Pritzker a 1996, tare da ofishin Samir Khairallah. Kevin Dash ya zana sashen masu zinariya. Moneo ya yi aiki mai natsuwa: bangon dutse mai launin ƙasa, dogon rufi mai baka da ke shigo da haske da iskar teku, wasu layukan a rufe, wasu sararin sama a kansu. Ba ya kama da akwatunan gilashin da ake kira kantin zamani a Dubai. An bar fuskar tsohon ginin jaridar L'Orient a tsaye da ramukan harsashi a jikinta. An sake gina tafkin Antabli, har gidan suka dawo suka buɗe wurin jallab a bakinsa.

Aikin da aka yi niyyar gamawa kafin shekarar 2000 ya ƙara kusan shekara goma. Hariri ya bar mulki a 1998, takardun izini suka maƙale a hannun gwamnatin da ba ta ga-maciji da shi. Ya dawo a 2000, aka kashe shi da bam ranar 14 ga Fabrairun 2005 a gaban otal ɗin Saint Georges. A 2006 aka yi yaƙin kwana 34 tsakanin Isra'ila da Hizbullah. Daga Disambar wannan shekara zuwa Mayun 2008 'yan adawa suka kafa tantuna suka yi zaman dirshan a tsakiyar gari, sai da aka yi sulhu a Doha suka tashi.

Wa ya zo cin kasuwa?

Da aka buɗe a 2009, allunan layuka suna ɗauke da sunayen da dattawa suka sani: Tawila, Ayyas, Jamil, Arwam. A ƙarƙashin allunan kuwa kantunan manyan kamfanonin tufafi ne na Turai da Amurka, da agoguna da jakunkunan da kuɗin ɗaya ya fi albashin malamin makaranta na wata da watanni. Mai gida ɗaya ne, Solidere, shi ke zaɓen ɗan haya, shi ke yanke kuɗin haya da dala. Babu ɗan tebur, babu mai talla, babu tela a lungu, babu taya da ragi. Masu gadin kamfani ne ke sintiri. Tashar motocin Burj ba ta dawo ba, an rushe Rivoli, Dandalin Shahidai ya zama fili fetal da motoci ke ratsawa. Matar da ta fito daga unguwannin kudu da kuɗin kayan makarantar yara uku, ba abin da zai kawo ta nan. Mar Iliyas za ta, ko Barbur, ko kasuwar Lahadi ta bakin kogi.

Ba a ce wurin bai taɓa cika ba. Shekarun farko an yi ciniki, musamman da rani, lokacin da baƙi daga ƙasashen Tekun Fasha da 'yan Labanan mazauna waje ke zuwa hutu. Sinimar da aka buɗe a sashen arewa ta jawo matasa. Kasuwar manoma ta Suk al-Tayyib, wadda Kamal Muzawwak ya kafa a 2004, ta yi shekaru tana ci a gefen wurin duk Asabar, kuma a waɗannan safiyoyi ne ake jin hayaniyar da ta yi kama da ta kasuwa: mata daga ƙauyuka da zaitun da zuma da gurasa mai zafi. Amma cinikin da ya dogara da baƙo mai kuɗi, ransa a hannun labaran dare yake. Da yaƙin Siriya ya kunno kai a 2011, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka gargaɗi mutanensu su daina zuwa. Masu kuɗin cikin gida kuma suna da manyan kantunan ABC a Ashrafiyya da Verdun, da City Centre a Hazmiyya, kusa da gidajensu, babu shingen sojoji a hanya.

A 2015, lokacin da shara ta cika titunan Bairut matasa suka fito zanga-zanga a tsakiyar gari, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar birnin, Nicolas Shammas, ya ce ba za su bari a mai da wurin kasuwar Abu Rakhusa ba, ma'ana kasuwar 'yan araha. Maganar ta yi wa mutane zafi. Cikin 'yan kwanaki suka kwaso tebura da tabarmi suka baje a dandalin Riyad al-Sulh, suna sayar da gwanjo da littattafai da falafil da gahawa a kan kuɗi ƙalilan, suka raɗa wa taron sunan da ya faɗa. Dattawan da rabonsu da tsakiyar gari tun kafin yaƙi suka zo, ana kiɗa ana rawa. A ganina, wannan kasuwar ta yini ɗaya ta fi kusa da Suk Ayyas ta asali fiye da ginin da ke ɗauke da sunanta.

Ana kukan targaɗe

Ranar 17 ga Oktoban 2019, shirin sanya haraji a kan kiran WhatsApp ya fito da jama'a kan titi, tsakiyar gari ta zama sansanin masu zanga-zanga. Bankuna suka riƙe ajiyar mutane. A Maris 2020 gwamnati ta kasa biyan bashinta na waje karo na farko a tarihinta. Lira, kuɗin ƙasar, wadda aka ɗaure a kan 1,507 ga dala tun 1997, ta yi ta zubewa har dala ɗaya ta kai wajen 89,500. Bankin Duniya ya sanya wannan durƙushewa cikin mafiya muni da aka gani a duniya tun tsakiyar ƙarni na 19. Kantunan waje suka fara naɗe kayansu. Ga kuma kullen korona.

Sai ga karaya. Da yammacin 4 ga Agustan 2020, tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitiret da aka jibge a sito na 12 na tashar jiragen ruwa tun bayan da jirgin Rhosus ya kawo shi a 2013 ya yi bindiga. Mutum fiye da 200 suka rasu, dubbai suka jikkata. Tsakanin siton da kasuwar bai kai kilomita biyu ba. Gilasan kantunan suka zube, ƙofofi suka tashi. Bayan wata guda da 'yan kwanaki, wuta ta kama ginin babban kantin da marigayiya Zaha Hadid ta zana a sashen arewa, wanda ko buɗe shi ba a yi ba. Suk al-Tayyib ta koma unguwar Mar Mikhayil. Shekaru uku zuwa huɗu layukan Moneo suka yi kusan wayam, da dare babu ko fitila.

A wannan lokaci ne kuma hannun jarin Solidere ya yi tashin gwauron zabi. Masu kuɗin da suka maƙale a banki suka ga hanya ɗaya ta kuɓutar da su ita ce su rubuta caki su sayi fili ko hannun jarin kamfanin. Farashin da bai kai dala 10 ba a 2019 ya ninka sau da yawa, kamfanin ya sayar da filaye ya sauke bashin bankunan da ke kansa. Kasuwa a rufe, mai kasuwa na samun riba. Wannan ya fallasa abin da tsarin 1994 ya haifar: dukiyar kamfanin tana cikin darajar ƙasa, ko da mai saye ko babu. Ɗan kasuwar da ke da shagonsa ba ya iya barinsa a kulle shekara huɗu, domin abincin gidansa a ciki yake. Zai share gilashi, ya kafa leda a taga, ya buɗe washegari, kamar yadda masu ƙananan shagunan Mar Mikhayil suka yi bayan fashewar, alhali sun fi kusa da tashar.

Akwai wata hanyar da aka gwada a maƙwabta. A Halab ta Siriya, inda tsohuwar kasuwa ta ƙone a 2012, Gidauniyar Aga Khan ta gyara layin Suk al-Saƙaɗiyya ta gama a 2019, dutse bisa dutse, shagunan suka ci gaba da zama na masu su. Can ma ciniki bai dawo da sauri ba, don gari ya talauce. Amma wanda ya dawo, ƙofarsa ya tarar. Tsoffin kasuwannin Saida da Tarabulus kuma, da duk tsufansu da wayoyin lantarki da ke reto a kansu, ba su taɓa yin shiru irin na Bairut ba.

Daga 2024 an gyara Kasuwannin Bairut, kantuna da gidajen abinci suka fara dawowa, duk da yaƙin Isra'ila da Hizbullah da ya sake ɓarkewa a ƙarshen shekarar, wanda ya sa iyalan da suka gudo daga kudancin birnin kwana a Dandalin Shahidai da bakin teku, 'yan taku daga tagogin kantunan. A Mayun 2025 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗage wa 'yan ƙasarta takunkumin zuwa Labanan, masu kantuna suka yi murna. Wato dai har yanzu baƙon nan ake jira.

Shekara 25 aka fara yanka wa Solidere, daga baya gwamnati ta ƙara masa goma, wa'adin ya kai 2029. Duk ranar da majalisar ministoci ta zauna kan makomarsa, ya kamata magadan masu shagunan Ayyas da Nuriyya da Sursuƙ su sami kujera a wurin. Abin da ya dace su nema ba shi da wuyar faɗa: a ware layuka masu hayar da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biya, a ba 'yan tebur da masu kayan gona wuri na dindindin, a dawo da motocin haya bakin Dandalin Shahidai. Idan an sabunta wa kamfanin wa'adi ba tare da waɗannan ba, to an sake karɓe kasuwar daga hannun mutanen Bairut karo na biyu.